Jinjina ga Sadaukan Dogon Hutu

Gyara kintsi! A share fage, a shimfiɗa kilisai, a kira masu kakaki da tambari, yau ranar mazan jiya ce. An daɗe ana tauye haƙƙin waɗansu bayin Allah da tarihi ya yi wa rowar ambato, wato samarin nan da suka riƙa sauka ƙauyukan ƙasar Kano da Katsina da Zazzau duk hutun makaranta a shekarun 1980 da 1990, suka yi wa gonakin tsofaffi hidimar da fara da jan-baki suka kasa yi. Yanzu sun girma, sun ajiye tumbi, furfura ta fara leƙo gemunsu, kuma duk majalisar da suka zauna ba su da labarin da ya kai wannan zaƙi a bakinsu. Tun da su da kansu suke bayarwa, suna tafa hannu suna dariya har da hawaye, ya zama wajibi a taya su da alƙalami, kada wannan gagarumin aiki ya bi iska.

Ba a sanin girman jarumi sai an dubi wanda ya kara da shi. To ku dubi abokin karawar baradenmu. Tsoho ne da ya ba saba'in baya, ƙugu ya sage, gwiwa tana ƙara in ya miƙe, yana ta rufe ido ɗaya, ɗayan kuma ba ya rarrabe mutum da kututture in an wuce taku ashirin. Makamansa fartanya da goran ruwa da carbi. 'Ya'yansa maza sun tafi ci-rani Legas da Fatakwal, gandu ya watse, an bar shi da tsohuwa da ƙananan jikoki. Wannan shi ne ƙasurgumin da farin 1973 ya kasa kwantarwa, wanda annobar gyaɗa ta 1975 ta kwashe masa abin da yake tufatar da iyali da shi, ya sake shan farin 1984, ya wayi gari ya koma ya duƙa. Mutum mai taurin kai haka, wanda sama ta hana shi ruwa bai fasa shuka ba, wa zai iya da shi in ba rundunar samari takwas masu jini a jika ba, kowannensu ya cika ciki da tuwon kakarsa? Su takwas da ƙafafun barewa, shi kaɗai da sandar dogarawa. Allah ya ƙara wa maza ƙarfin zuciya.

A kuma lura da zamanin da suka ɓullo. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, ta Balarabe Musa ta yi haka a Kaduna, talaka ya ɗan miƙe ƙafa. Irin wannan sakewa tana da haɗari, domin manomin da ba a karɓar komai a hannunsa yana iya mantawa da matsayinsa, har ya ɗauka abin da ya noma nasa ne. Samarinmu masu hangen nesa su suka cike wannan gurbi. Ba su jira umarnin dagaci ba, ba su wahalar da kowa da rasit ba, ba su nemi albashi ba. Sun ɗauki nauyin karɓa, sun ɗauki nauyin ci, duk don kishin ƙasa.

Yaƙin farko na bazara ne, a hutun Afrilu, lokacin da rana take dafa ƙasa, rijiyoyi sun ja baya, mangwaro kuwa ya yi nauyi a lambun bakin fadama. Tsohon ya dasa bishiyoyin nan tun yana da ƙarfi, ya shayar da su da jigo guga bayan guga, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, ya yi shekaru yana jiran 'ya'yan fari. Lissafinsa shi ne in 'yan sari suka zo daga birni, kuɗin mangwaro zai sayi buhun taki, ya biya 'yan ƙwadago biyu su taya shi noman firi. Lissafi ne na mai gajeren tunani, wanda bai san cewa bishiya tana yin 'ya'ya ne domin masu iya hawa ba.

Nan ne aka ga Sarkin Hawa, biri ya san ka ya sunkuya, mai taka reshe ya karye bai waiwaya ba, wanda ke girgiza bishiya tun daga ƙololuwa har ƙasa ta rufe da ɗanye da nunanne, domin adali ba ya nuna bambanci. A ƙarƙashinsa ga Sarkin Jifa, gwanin dutse, mai hannun da ba ya kuskure, in ya kuskure mangwaro ya sami fure, in ya kuskure fure ya sami tulun tsohon. Sai kuma sauran mayaƙa, masu ɗanɗano irin na 'ya'yan sarauta, waɗanda ke gatsar ƙwaya sau ɗaya su yar, su ɗauki wata su gatsa su yar, har sai sun sami wadda ta dace da harshensu. Mayunwaci yakan cinye abin da ya ɗauka. Su kuwa sun fi ƙarfin yunwa, shi ya sa abin da suka bari a ƙasa yana ruɓewa ya ninka abin da ya shiga cikinsu sau goma. Da wannan ake gane wadatar zuci.

Kada a manta da ladabinsu. Ba su taɓa shiga lambu tsohon yana ciki su ta da masa hankali ba. Sukan jira ranar Juma'a, ya wanke 'yar rigarsa guda, ya kama hanyar masallacin gari da ke nesa, sa'an nan su shiga a natse. Wane ɗa na gari ne zai so ya raba dattijo da ibadarsa? Shi yana can yana roƙon Allah ya sa albarka a lambunsa, su suna nan suna karɓar albarkar tun kafin ya shafa addu'a.

Amma duk wannan share fage ne. Babban yaƙi, wanda ake ba jikoki labari, shi ne na dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan lokaci. Gari ya yi kore shar, marka ta kankama, gona tana murmushi, amma rumbu ya nuna gindi. Hatsin bara ya ƙare, na bana bai iso ba. A gidan tsohon an koma kwaɗon rama da tafasa, ana ɗora tukunya sau ɗaya a yini, wani lokaci ya ci bashin kwano ɗaya a kan zai biya biyu da kaka. Gero yana bukatar wata uku daga shuka zuwa girbi, kuma tsohon yana ƙirga kwanakin nan da yatsu. Idonsa yana kan 'yar masarar da ya shuka kusa da gida da zangarniyar gero ta farko, domin su ne gadar da za ta tsallakar da iyalinsa zuwa kaka. Daidai wannan gaɓa, ba kafinta ba, ba bayanta ba, rundunarmu take sauka daga mota da jakunkunan makaranta. Wane janar ne ya taɓa zaɓar lokacin hari da ƙwarewa haka?

Malamai sun karantar da mu cewa abin da aka noma da ruwan sama ana fitar masa da ɗaya cikin goma, na ban-ruwa ɗaya cikin ashirin, kuma sai an girbe, sai ya kai nisabi. Baradenmu sun ga wannan jinkiri ya yi yawa. Suka sauƙaƙa wa tsohon wahalar girbi da sussuka da awo, suka riƙa ɗaukar rabon tun yana tsaye a kara, suka kuma hutar da shi neman mabuƙata, tun da ga su a gabansa da takalman kanti.

Ku zo ku ga gwaninta. Ga Sarkin Gashi, mai fasa goyon masara guda ashirin don neman biyar da suka ƙosa, ya bar sha biyar a buɗe tsuntsu da ruwan sama su ƙarasa. Ba ya ɗauko itace daga gida, domin shingen gonar yana nan a bushe, kuma in shinge ya zama toka awakin unguwa ma za su sami hanyar shiga su ci arziki. Alheri ke nan mai haifar da alheri. Ga masu tumu, waɗanda ke karyo zangarniya tun ƙwayar tana da nono, su babbaka, su murje, su watsa a baki, su bar karan tsaye ba kai. Ga likitan gyaɗa, mai binciken ƙwaƙwaf, wanda ke tumɓuke gindi ya duba ko ta ƙosa, in bai gamsu ba ya mayar da ita ramin ya danna da ƙafa, ya wuce na gaba, har ya gama kunya guda. Bayan kwana uku tsohon zai zo ya tarar da layi ɗaya ya yi yaushi, ya tsaya yana tunanin ko gara ce ko cuta. Samun abin tunani a wannan shekaru ba ƙaramar kyauta ba ce.

Amma kambin fasaha na mai rogo ne, gagara-koyo, injiniyan ƙarƙashin ƙasa. Shi ba ya tumɓuke komai. Yakan tona gefe da tsinke da farce, ya zare saiwar da ta yi kauri, ya mayar da ƙasa ya lallaɓe, ya bar itacen tsaye da ganyensa. Tsohon zai ci gaba da yi wa wannan itace noma, yana cire masa ciyawa, yana kallonsa yana sa rai, wata da watanni, sai ranar haƙa ya tarar da rami. Ku faɗa mini wata makarantar koyon mulki da take koyar da wannan darasi: a kwashe abin da ke ciki, a bar siffar a tsaye, mai abu ya ci gaba da yi mata hidima.

Shamakin runduna shi ma a ba shi girmansa. Shi ne mai kwance jakin tsohon daga turke da tsakar rana, su hau bibbiyu, su yi sukuwa daga bakin kududdufi zuwa makabarta har dabbar ta yi kumfa, sa'an nan a ɗaura mata gwangwani a wutsiya a sake ta cikin gonar maƙwabci. Washegari jakin da zai kai taki gona yana ɗingishi, maƙwabci kuma yana ƙofar gida yana neman diyyar dawarsa. Haka aka ƙarfafa zumunci tsakanin dattawa biyu da suka shekara arba'in ba su yi cacar baki ba. Sai Ma'ajin ƙwai, mai bin sawun zabi cikin ciyawa, wanda ya san damina ce lokacin da suke nasawa, ya kuma san tsohuwa tana tara ƙwan ne don ta sayar ranar kasuwa ta sayi gishiri da kalwa da man fitila. Ya hutar da ita tafiyar kasuwa. Sai kuma mai fura, ɗan lelen runduna, wanda ke jiran tsohon ya kabbara sallar azahar a gindin gawo, ya lallaɓa ya shanye abin da ke cikin gora, ya cika ta da ruwan kwatami ya rufe. Mutumin da ya duƙa tun hantsi bai karya ba zai sallame ya kai gora baki. Wannan labari, in ana bayar da shi a majalisa yau, a nan ne ake faɗuwa ƙasa don dariya.

In tsohon ya hango su ya ɗaga sanda, sai a ga wani sabon fanni na baiwa. Ba sa gudu da nisa, domin gudu da nisa na matsorata ne. Sukan tsaya inda muryarsu za ta kai shi, sandarsa ba za ta kai su ba, ɗaya ya kwaikwayi ɗingishinsa, ɗaya ya kwaikwayi rawar muryarsa, sauran su amsa da waƙa. Al'ada ta yarda jika ya yi wasa da kakansa, ya tsokane shi, kaka ya rama, a rabu ana dariya. Samarinmu suka faɗaɗa wannan al'ada, suka mayar da kowane tsoho kakansu a wajen tsokana, ba tare da sun ɗora wa kansu nauyin ɗaukar masa dami ko ɗebo masa ruwa ba. Gayya kuwa, wadda samarin dā suke taruwa su nome gonar gajiyayye a yini ɗaya, sun bar wa mutanen ƙauye, domin hannun da zai riƙe biro bai kamata ya yi kanta ba.

Jarumi ba ya tashi a banza, sai da gidan da ya rene shi. Saboda haka a miƙa gaisuwa ga iyaye, garkuwan 'ya'ya, katangar da ƙara ba ta tsallakewa. In tsohon ya ja ƙafa har zauren mai unguwa, ya zube ɓawon masara a gaban jama'a, ya ce, "Ranka ya daɗe, abincin gidana ne na sati biyu," sai a ji hikima tana zuba. Wani ya ce, "Haba Baba, yara ne." Wani ya ce, "Ƙuruciya ce, kai ma ka yi." Uban da ya zo daga birni da mota ya sa hannu a aljihu, ya zaro 'yan takardu, ya tambaya da murya mai taushi, "Baba, nawa ne kuɗin masarar gaba ɗaya?" Da wannan tambaya guda ya koya wa ɗansa, wanda ke laɓe a bayan ƙofa yana saurare, cewa gumin tsohon da mutuncinsa da watanni ukun da ya yi yana jira duk suna da farashi, kuma farashin bai kai kuɗin man mota ba. Mai unguwa ya rufe zama da "A yi haƙuri." Tsohon ya tattara ɓawonsa ya ce, "Allah ya shirya mana su." Shari'a ta ƙare, kowa ya sami haƙƙinsa. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba su san darajar icce mai 'yanci ba.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Waɗanda suka yi wannan horo a gonakin ƙauye ba su kunyata malamansu ba da suka shiga ofis. Ƙasar nan ba ta taɓa rasa shirin taimakon manomi ba: an yi na ciyar da ƙasa a 1976 zamanin Obasanjo, an yi juyin noma na Shagari a 1980, an yi ta sayo taki da kuɗin gwamnati ana cewa na talaka ne. Da Akinwumi Adesina ya zama ministan noma a 2011, ya faɗa a bainar jama'a cewa kashi 11 cikin 100 na manoma kaɗai takin tallafi yake isa hannunsu. Masu ƙaramar fahimta suka ji kunya. Mu kuwa da muka san tarihin lambun mangwaro mun gane hannun gwanaye, har muka yi mamakin yadda aka yi sakaci kashi 11 suka kuɓuce. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi, kuɗin da aka raba ya haura naira tiriliyan 1, sai ga manoman takarda sun tsiro, masu gona a cikin fayil, masu girbi a asusun banki, waɗanda ba su taɓa rarrabe gero da maiwa ba. Fasahar mai rogo ce ta girma ta sa babbar riga: sunan shiri yana tsaye da ganyensa, saiwar ta tafi, manomi yana ci gaba da bin layi.

Abin da ya fi ƙayatarwa shi ne yadda suka riƙe amanar tunawa. Ku je taron tsofaffin ɗalibai, ko ku leƙa Facebook da WhatsApp in damina ta faɗi. Wani zai sa hoton gasasshiyar masara ya rubuta, "Allah sarki ƙauye, Allah sarki zamanin dā." Nan da nan mayaƙa su hallara, kowa yana ƙirga gonakin da ya ci da yaƙi. Suna tuna zaƙin mangwaron, suna tuna ƙamshin tumun, suna tuna launin jakin. Sunan tsohon ne kawai ya ɓace musu, da abin da aka ci a gidansa daren ranar, kuma wannan ma rahama ce, domin zuciya mai ɗaukar manyan al'amura ba ta da wurin ajiye ƙanana. Sukan ce Allah ya jiƙansa, yana da faɗa. Haka ne, yana da faɗa ƙwarai. Mutum ne da in an cinye abincin iyalinsa sai ya ɗaga murya.

In an gama wannan babi sai a juya kan yaran zamani, kuma a nan ne ake ganin tsantsar dattaku. Sarkin Hawa na jiya, wanda yanzu ake ce wa Alhaji, yakan girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su da tarbiyya, ba sa ganin girman manya, suna ƙwacen waya da rana tsaka. Gaskiyarsa. Waya dukiya ce, tana da rasit, mai ita ɗan birni ne. Masara kuwa daga ƙasa take fitowa da kanta, mai ita kuma tsoho ne da ba ya karanta jarida. Duk wanda ya haɗa waɗannan biyu a ma'auni ɗaya bai san bambancin sata da ƙuruciya ba. Mai fura, wanda ya kewaye gidansa da katanga da waya mai lantarki, ya ajiye mai gadi da kare saboda bishiyar gwaiba ɗaya da ke tsakar gidansa, shi ne ya fi kowa jimamin yadda amana ta ƙare a ƙasar nan.

Ranku ya daɗe, sadaukan dogon hutu, masu lambu ba dashe, masu girbi ba shuka, masu rumbu a gonar wani, Allah ya ja zamaninku. Tsofaffin da kuka kara da su sun kwanta dama, 'ya'yansu da suka ga yadda ake girmama manomi sun zaɓi acaɓa da gadi a birni, gonaki da yawa na bakin gari an yanka su filoti, an sare mangwaron an yi gawayi. Nasara ta tabbata, fage ya zama naku. Ku ci gaba da ba da labarin a gaban 'ya'yanku, ku yi dariya sosai a wurin goran fura don su san inda daɗin yake, kada ku kuskura ku aike su su taya wani tsoho noma ko na yini ɗaya. In kuma kun je kasuwar Dawanau kun tarar kwanon gero ya fi ƙarfin aljihu, ku nemi mai laifi a sama da ƙasa, ku zargi damina, ku zargi dala, ku zargi 'yan kasuwa, amma kada wanda ya dubi majalisarku.